Motoci sun yi yawa a birane: a ƙara titi ko a rage mota?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Akwai maganar da nake so mu yi mata filla-filla yau, maganar cunkoson motoci a manyan birane. Duk birnin da ka ɗauka a duniya kukan ɗaya ne, safe gosulo yamma gosulo. Tun wajajen 2010 motocin da ke yawo a doron ƙasa suka haura biliyan 1 kuma tun lokacin ƙaruwa suke ba raguwa ba, a 2009 ma China ta wuce Amurka ta zama ƙasar da aka fi cinikin mota a duniya, ƙasar da a da da keke aka santa. Mutum na samun ɗan rufin asiri abin da zai fara zuwa masa a rai mota ce, kuma ni ban ga laifinsa ba. Gwamnatoci kuma kowacce da inda ta sa gaba, wata ta gina gadar sama, wata ta ce sai ka biya kafin ka shiga tsakiyar gari, wata ta ce yau masu lamba kaza ba za su fito ba. Ni dai a ganina abin a fili yake, mota ta yi yawa hanya ta yi kaɗan, to a ƙara hanya mana. A faɗaɗa tituna a yi gadoji, ai don haka ake karɓar haraji. Amma ka tare mutum ka ce ya biya kuɗin bin titin da aka gina da harajinsa, wannan kam ban yarda da shi ba. Ina son jin ta bakinku musamman Injiniya da Baba Direba.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Baban Amira. Ni da na tsufa a kan sitiyari zan gaya maka rabin gosulo ba ƙarancin hanya ke kawo shi ba, halin masu tuƙi ne. Ka tsaya a kowace mahaɗa da yamma ka zuba ido. Titi layi biyu ne, sai wani ya ga ba zai iya jira ba ya fita ta gefe ya buɗe na uku, na bayansa su bi shi, can gaba inda hanya ta tsuke dole su dawo ciki, sai a fara kutse kowa na tura kan motarsa, wanda yake kan layinsa tun farko ya ƙi ba da hanya don yana jin haushi, to daga nan an kulle. Ko kuma danja ta ba ka hannu amma kana ganin gabanka a cike, maimakon ka dakata sai ka shiga ka tsaya a tsakiyar mahaɗar, danja ta juya, waɗanda aka ba hannu ba su da ta inda za su wuce su ma su shigo su tsaya, kafin ka ce kwabo kusurwa huɗu duk sun sarƙe sai oda kake ji ta ko'ina. Ga mai bas da zai taka birki a tsakiyar hanya don ya hango fasinja ɗaya. Ga wanda ya yi fakin a bakin titi ya tafi sha'aninsa ya cinye layi guda. Ko titi goma ka gina wa mutane masu wannan halin sai sun cushe shi.

Injiniya:
Baba gaskiya ka faɗa, sai dai ko a ƙasashen da direbobi ke bin doka sau da ƙafa gosulon yana nan, don haka abin ya wuce hali kaɗai. Baban Amira ka yi haƙuri zan saɓa maka. An gwada abin da kake faɗa a inda kuɗi ba matsala ba ne. A birnin Houston na Amurka akwai wata babbar hanya Katy Freeway, aka kashe mata wajen dala biliyan 2.8 aka gama faɗaɗa ta a 2008, a wani wurin in ka haɗa da layukan gefe ta kai layi 26. An ɗan sha iska da farko, amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa sosai.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kafin a faɗaɗa akwai mai yin sammako don ya kauce wa cunkoso, akwai mai zagayawa ta wata hanya, akwai mai hawa bas, akwai wanda ya haƙura da fitar gaba ɗaya. Ranar da aka buɗe sabuwar hanya duk waɗannan kanta za su dawo. Sannan masu harkar gidaje su ga an samu hanya mai gudu su tafi can bayan gari su yanka filaye, duk wanda ya tare can kuma ba shi da yadda zai yi ya shigo gari sai da mota. Wasu masana tattalin arziki biyu, Duranton da Turner, sun bi alƙaluman biranen Amurka suka fitar da sakamako a 2011 cewa in ka ƙara manyan hanyoyi da kashi 10 cikin 100, yawan tafiyar da ake yi da mota shi ma kusan kashi 10 yake ƙaruwa. Abin da ka ƙara shi za a cike.

Baban Amira:
To Injiniya kana nufin a daina gina titi ke nan a bar mutane su yi ta shan wahala?

Injiniya:
A'a ranka ya daɗe. Unguwar da ba ta da hanya dole a yi mata, mahaɗar da aka tsara ba daidai ba dole a gyara, manyan motocin kaya kuma a yi musu hanyar da za ta kewaye gari. Abin da nake cewa a riƙa lissafi da mutum nawa titi ya kai inda za su, ba mota nawa ta wuce ba. Layi ɗaya a babbar hanya iyakar abin da zai wuce da shi a awa guda wajen mota 2,000 ne, ka leƙa cikin motocin nan da safe kuma, akasari mutum ɗaya ne a ciki in ya yi yawa biyu. Wannan layin dai in ka ware wa manyan bas-bas zai kwashi ninkin ba ninkin haka. Dubi Seoul, a 2003 magajin garin na lokacin Lee Myung-bak, wanda daga baya ya zama shugaban Koriya ta Kudu, ya sa aka rushe wata doguwar gadar sama da ke tsakiyar birnin a kan rafin Cheonggyecheon, a 2005 aka buɗe wurin ya koma rafi da hanyar masu tafiya a ƙafa. An yi ta cewa gari zai tsaya cik, bai tsaya ba, saboda a 2004 sun yi wa harkar bas garambawul, suka ware masa layi a tsakiyar titi suka haɗa shi da jirgin ƙasa a kan kati ɗaya.

Ɗalibar Tsara Birane:
Baba Direba bari in ƙara a kan taka. A Japan an taɓa yin wani gwaji, aka buga sakamakonsa a 2008. Mota 22 aka jera a kan wata da'ira mai tsawon mita 230 aka ce wa direbobin kowa ya yi tafiyar kilomita 30 a awa ya bar tazara daidai. Ba danja ba mahaɗa ba mai kutse. Ba a daɗe ba sai wani ya ɗan matso na gabansa ya taɓa birki kaɗan, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya fi shi, har wasu suka tsaya cak, kuma tsayawar ta riƙa komawa baya tana bin motocin ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa wani lokaci za ka sha gosulo ka ƙaraso gaba ka ga babu hatsari babu komai. Da zarar yawan mota ya wuce wani mizani to ko kowa mai ladabi ne sai an cushe, haka nan in ka zare kaɗan daga ciki sai ka ga hanya ta saki gaba ɗaya. Ba sai rabin mutane sun ajiye mota ba.

Maman Sadiq:
Slm. Ni dai inata karanta ku tun ɗazu, duk maganar layi da lissafi kuke amma ba wanda ya tambayi me yasa mutum yake matse kansa ya sayi mota. Ni mace ce mai aiki ga yara ƙanana, wlh ba don gayu na saya ba. Ki tsaya a tasha da goyo a baya da wani a hannu baki san ko bas zai zo yanzu ko sai bayan awa guda ba, in yazo maza su yi rububi su cika ƙofa, ki samu ki kutsa ki tsaya a tsaye ana matse ki ta ko'ina wani ma da gangan yake yi kuma baki da bakin magana, ki sauka ki sake neman wani abin hawan don makarantar yara daban wurin aiki daban. Da tsakar dare kuma yaro ya tashi da zazzaɓi wa zaki kira? Gosulo yana ci min rai sosai, wani lokacin yaran a mota suke barci kafin mu isa gida, amma gara in zauna a cikinsa a kujerata da mutuncina. Duk gwamnatin da zata ce in ajiye mota ta fara nuna min abin da zan hau tukuna.

Dilan Mota:
Hajiya kin gama magana. Ni sana'ata ke nan, kuma mafi yawan masu zuwa wurina irinki ne ba manyan masu kuɗi ba, mutum ya yi shekaru yana tari ko ya ci bashi. Ku sani ma yawancin motocin da ke cika titunan ƙasashe masu tasowa ba sababbi ba ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya kwasa. Buƙata ce ta gaske, doka ba ta kashe buƙata. A birnin Mexico a 1989 aka ce kowace mota akwai rana ɗaya a mako da ba za ta fito ba, gwargwadon lambarta ta ƙarshe. Me mutane suka yi? Mai ɗan hali ya je ya sayi ta biyu, tsohuwa mai araha mai hayaƙi, wadda lambarta ta bambanta. Motoci suka ƙaru iska kuma ba ta gyaru ba. A Jakarta kuma tun 1992 aka ce sai da mutum uku a mota kafin ka bi wasu manyan tituna lokacin cunkoso, sai talakawa suka riƙa jeruwa a bakin hanya ana ɗaukarsu haya su cike ukun, har da mata masu jarirai don jariri ma ana lissafa shi. A 2016 aka soke dokar.

Ɗalibar Tsara Birane:
Kawu Dila na Mexico haka yake. Na Jakarta kuma akwai saura, bayan an soke dokar masu bincike sun auna suka ga gosulo ya ƙaru sosai, har a titunan da dokar ba ta shafa ba, a cikin 2016 ɗin kuma aka kawo tsarin lamba mara da cika, wato yau masu lamba mara su fito gobe masu cika. Duk da maguɗin da ake yi dokar tana rage wani abu.

Amma ni abin da na ga ya fi aiki shi ne wanda Baban Amira ya ce bai yarda da shi ba. Singapore tun 1975 ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da safe, a 1998 ta mayar da shi na na'ura, kana wucewa ta ƙarƙashin ƙofar ana cire kuɗi, farashin kuma yana hawa da sauka gwargwadon cikar titi. Tun 1990 ma kafin ka sa mota a hanya sai ka sayi takardar izini ta shekara 10 a gwanjo, a 2023 takardar nan kaɗai ta haura dalar Singapore 100,000 ban da kuɗin motar, a 2018 kuma suka tsayar da ƙaruwar motocin gida, suka ce sai wata ta fita wata za ta shigo. Landan ta fara a Fabrairun 2003 zamanin magajin gari Ken Livingstone da fam 5 a rana, a 2020 ya kai fam 15. Wanda ya fi burge ni Stockholm ne a Sweden. Mutane sun ƙi abin sosai, sai aka ce to a gwada daga Janairu zuwa Yulin 2006, motocin da ke shiga suka ragu da wajen kashi 20 cikin 100, da aka cire kuɗin gosulo ya dawo kowa ya gani da idonsa, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Satumba mutanen birnin suka amince, a 2007 ya zama na dindindin. New York ma ta bi sahu a Janairun 2025 da dala 9 a kudancin yankin Manhattan.

Malamin Makaranta:
Ƙanwata karatunki ya yi kyau Allah ya ƙara basira, amma ki dubi abin ta wannan fuskar. Wa kuɗin nan zai kora daga titi? Ba mai kuɗi ba, shi fam 15 ko a jikinsa, ƙarshenta ma daɗi zai ji an share masa hanya. Wanda zai koma gefe shi ne ƙaramin ma'aikaci da ya yi tari ya sayi tsohuwar motarsa, da mai gyaran famfo ko wayarin da dole ya shiga gari da kayan aikinsa. An sayar wa mai ƙarfi titin jama'a ke nan. Takardar dala 100,000 kuwa ai cewa aka yi talaka da mota har abada. In dai dole sai an taƙaita to gara yadda Beijing ta yi daga 2011, a sa sunan kowa a ƙuri'a wanda Allah ya ba shi ne zai samu lamba, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. Ya fi na Shanghai da tun 1994 gwanjon lambar suke yi.

Baban Amira:
Yauwa Malam, ka faɗi abin da ke raina.

Dilan Mota:
Malam ƙuri'ar ma ba ta tsira ba fa. Mutum zai yi shekaru yana shiga bai ci ba alhali matarsa na da ciki ko yana da tsoho mara lafiya, wani kuma da ba ya ma buƙata ya ci ya ajiye. Daga nan aka fara ba da hayar lamba a bayan fage, har auren bogi an kama mutane suna yi don a mayar da lamba sunan wani. Mai kuɗi dai ya sake samu, kuɗin ne kawai bai shiga asusun gwamnati ba.

Ɗalibar Tsara Birane:
Malam damuwarka gaskiya ce kuma ba zan raina ta ba. Amma mu tuna talakan da ya fi kowa yawa a titi ba mai tsohuwar mota ba ne, wanda ke tsaye cikin bas ne, mutum sittin ko saba'in a ciki sun maƙale a bayan motoci goma masu mutum ɗai-ɗai. Shi yanzu haka yana biya, da lokacinsa yake biya, da albashin da ake yanke masa don ya makara, da hayaƙin da yake shaƙa. Ba a rubuta masa rasit ne kawai. Abin da zai sa kuɗin shiga gari ya zama adalci ko zalunci shi ne inda kuɗin ke zuwa. A Landan doka ce ta wajabta ribar ta koma harkar sufuri, kuma kafin a fara sun ƙaro bas-bas. Stockholm ma sun ƙaro bas tun kafin gwajin. Singapore da ake cewa ta tsananta, jirgin ƙasa da bas sun kai kusan ko'ina. Ana kuma iya yi wa naƙasassu da mazauna wurin rangwame, Landan na yi. In aka karɓi kuɗi ba a ƙaro ko bas ɗaya ba to ni ma ina bayanka, haraji ne kawai aka canza wa suna.

Maman Sadiq:
Toh wannan shine maganar. Bas ɗin ya fara zuwa, mai tsafta, wanda nasan ƙarfe nawa zai iso, da tasha mai rumfa da fitila da dare, da wanda zan kai wa ƙara in an ci min mutunci a ciki. In aka yi haka wlh ni da kaina zan ajiye mota ranakun aiki don kuɗin mai da gyara da inshora ba ƙaramin cin aljihu suke ba. Amma sai nagani ya yi shekara yana aiki, don abinda muka saba gani a ƙaddamar da biki bayan wata shida rabin motocin suna gareji.

Injiniya:
Hajiya kin taɓo inda ciwon yake. Ginawa ba ta kai riƙewa wuya ba. Tsarin bas mai layinsa daban a Curitiba ta Brazil aka fara shi a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, birnin Bogota na Kolombiya ya ɗauka a Disambar 2000 ya kira shi TransMilenio, ana biya tun a tasha kafin bas ya iso, daɓen tasha daidai da na bas ba hawa ba sauka, ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, shi ya sa yake kwasar jama'a kusa da abin da jirgin ƙasa ke kwasa a kuɗin da bai kai nasa ba. Jakarta ta yi nata a 2004, Dar es Salaam a 2016. Amma a Bogota da Dar es Salaam babban kukan fasinja yanzu matsatsi ne, jama'a sun ƙaru motocin ba su ƙaru daidai da su ba. Jirgin cikin gari na Addis Ababa da aka buɗe a 2015 an sha ba da rahoton jiragensa da yawa suna ajiye saboda rashin kayan gyara. Ɗan siyasa ya fi son abin da zai yanke kintinkiri a ɗauke shi hoto, gadar sama ana ganinta daga nesa, kasafin gyaran bas kuwa ba mai gani. Masu tsara hanyar ma akasarinsu ba sa hawa bas, a bayan mota suke zaune, shi ya sa in an ce matsalar sufuri abin da ke zuwa musu a rai shi ne motata ta maƙale.

Baban Amira:
Na ji duka, amma har yanzu ina ganin akwai hanyar da ba sai an taɓa aljihun mutane ba. Me zai hana a kwashe ma'aikatu a fitar da su daga tsakiyar gari? Masar ta sanar da gina sabon babban birni a 2015 don a rage wa Alƙahira nauyi, Indunusiya ma na gina sabon babban birninta Nusantara. Ga motoci masu lantarki suna shigowa, Habasha har ta hana shigo da motocin gida masu amfani da fetur a 2024.

Injiniya:
Mota mai lantarki tana maganin hayaƙi da ƙara kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma filin da take ci a titi daidai yake da na mai fetur, in ma cajinta ya fi mai araha sai mutum ya ƙara yawo. Maganar rarraba wuraren aiki kuwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari, gari ba zai yi barci a gefe ɗaya ya yi aiki a gefe ɗaya ba sannan a ce ba za a cushe ba. Makaranta da asibiti da kasuwa su kasance kusa da inda mutane ke kwana. Sai dai ɗauke fadar gwamnati ma'aikatan gwamnati kawai yake ɗaukewa, 'yan kasuwa da masana'antu da miliyoyin jama'a suna nan inda suke. Brazil ta koma Brasilia tun 1960 amma Sao Paulo da Rio ba su rabu da gosulo ba. In kuma aka gina sabon birnin da faffaɗan tituna komai nesa da komai, to an sake haifar wani garin da ba a rayuwa cikinsa sai da mota.

Tsohon Direba:
Akwai abin da ba ku taɓo ba, fakin. Mota fa yawancin ranarta a tsaye take, awa ɗaya ko biyu take tafiya sauran duk tana cin fili. Na ji an ce a Japan ba a yi maka rajista sai ka nuna inda za ka ajiye ta, haka ne 'yata?

Ɗalibar Tsara Birane:
Haka ne Baba, dokar tun 1962 take. A birane sai ka kai wa 'yan sanda shaidar kana da wurin ajiye mota kusa da gidanka, naka ne ko haya ka kama, sannan a ba ka takarda, kuma ba a barin mota ta kwana a kan titi. Shi ya sa lungunan Tokyo ƙanana ne amma a buɗe suke, motar asibiti ko ta kashe gobara za ta shiga.

Tsohon Direba:
To wannan ta fi kwanta min a rai, don ba ta hana kowa saye ba, ta dai ce kada ka ɗora wa jama'a kayanka. Amma Injiniya ina da tambaya kuma da gaske nake. Duk wannan bas na zamani da kuke yabo, in ya zo ina za a kai masu ƙananan bas da tasi da suke kan hanyar tun da? Kowace mota ɗaya akwai direba akwai kwandasta akwai mai ita akwai bakanike, gida nawa ke nan?

Injiniya:
Tambaya ce babba Baba, kuma inda aka yi watsi da ita rikici ake yi. A Johannesburg da aka fara bas ɗin Rea Vaya a 2009 masu tasi sun tayar da ƙayar baya sosai, daga ƙarshe zama aka yi da su, masu motocin da ke bin layin suka miƙa motocinsu aka ba su hannun jari a kamfanin da ke gudanar da bas ɗin, direbobi da dama aka horar da su suka koma tuƙa manyan. A Seoul kuma garambawul ɗin 2004 bai kori kamfanoni masu zaman kansu ba, kuɗin fasinja ne aka tara wuri guda, ana biyan kamfani gwargwadon tafiyar da motarsa ta yi a kan layi da kan lokaci, ba yawan kan da ya kwasa ba.

Tsohon Direba:
Wannan na ƙarshen shi ne maganin birkin tsakiyar titi da na faɗa ɗazu. Ku da kuke zagin mai bas ba ku san me ke kansa ba. Da asuba ya karɓi mukulli da sharaɗin zai kawo wa mai mota balas kaza da dare, ko an yi ruwa ko an yi rana, mai daga aljihunsa, na kwandasta daga aljihunsa, na tasha daga aljihunsa, sai abin da ya ragu ne na gidansa. Gosulo ya cinye masa sawu biyu to ranar aikin banza ya yi. Mutumin da ke cikin wannan halin in ya hango hannu a ɗage ba zai wuce ba ko a kan gada ne, kuma dole ya yi tsere da ɗan uwansa don ya riga shi isa tasha ta gaba. Ka yanka masa albashi a wata, ka ce aikinka ka bar nan ƙarfe kaza ka isa can ƙarfe kaza, ka ga in zai sake tsayawa inda ba tasha ba. Ni na san direbobi da yawa da za su karɓi wannan hannu bibbiyu, sharaɗinsu kawai a zauna da su tun kafin a zana layin, kuma kada a ce sai mai takardar makaranta za a ɗauka a bar wanda ya yi shekara ashirin yana bin hanyar.

Maman Sadiq:
Baba in za'a zauna ɗin a kira mata ma don Allah, da masu keken guragu da tsofaffi, kafin a yanke inda za'a sa tasha da tsayin matakalar. Injiniya ka tura mana yadda katin Seoul ɗin yake aiki in mutum ya sauka daga bas ya shiga jirgi, ana sake cirar kuɗi ne ko kuwa?

Injiniya:
Ba a sake cirar cikakken kuɗi Hajiya. Kina taɓa katin lokacin shiga ki sake taɓawa lokacin sauka, in kika shiga na gaba cikin minti 30 ana ɗaukarsa tafiya ɗaya ce, sai dai a ƙara ɗan abu in nisan ya yi yawa. In kika manta ba ki taɓa ba wajen sauka to rangwamen ya wuce ki.